Ba ke ce da matsala ba ƙanwata, aljanun littafin ne ba su da haƙori

Wata ƙanwa ce ta turo min tambaya, ta ce watanni tana ganin ƴan mata a TikTok suna kuka suna rungume littattafan nan na Sarah J. Maas da ake kira ACOTAR, wato A Court of Thorns and Roses da ƙannensa, ta tara kuɗi ta sayi guda biyar ɗin duka, ta karanta uku ta tsaya a tsakiyar na ƙarshe, kuma wallahi ita ba ta ji abin da ake cewa ana ji ba. Wai ko Turancinta ne bai kai ba, ko kuwa ita ce ba ta san daɗin labari ba?

To ƙanwata, da farko dai ki cire maganar Turanci, wadda ta iya cinye shafi kusan dubu biyu ba ta da matsalar Turanci. Ni aikina kenan, gyaran rubutun marubuta kafin su fitar, kuma adabin Turanci na karanta a makaranta, biyar ɗin nan duk na karanta su, na biyu ma sau biyu. Zan gaya miki inda nake ganin tukunyar ta tsage. Amma fa zan fasa ƙwai, wadda ba ta karanta ba kuma tana da niyya gara ta tsaya nan.

Mu fara da abin da aka sayar miki. Littafin farko ya fito 2015 daga kamfanin Bloomsbury. Feyre, yarinya ƴar shekara 19, ita ke farauta tana ciyar da uba gurgu da yayye biyu, ta harbe wani ƙaton kyarkeci a daji cikin sanyi, ashe ba dabba ba ce, ɗaya ne daga cikin Fae, su ne Turawa ke ba labarinsu kamar yadda muke ba da na aljanu. Sai ga dodo ya fasa ƙofa ya ce rai a bakin rai, ko ta mutu ko ta bi shi ƙasarsu Prythian ta zauna har abada. Kin ga wannan farawa ce mai kyau, babu wanda zai ce a'a. An yi miki alkawarin tsoro, an ce yarinya ce tilo cikin halittun da ba su san tausayi ba. Sai kika shiga gidan Tamlin, wato dodon nan, kika tarar da me? Kyawawan samari masu faffaɗan ƙirji da kunne mai tsini, suna cin abinci a tebur, suna tsokanar juna kamar ƴan ajin ƙarshe a jami'a. Ba a yi nisa ba aka ce miki ai duk abin da mutane ke faɗa ƙarya ne, ƙarfe ba ya cutar da su, kuma suna iya yin ƙarya sarai. Nan ne aka fara cire wa aljanin haƙori.

Bari na ɗan daɗe a nan don mutane da yawa sun ɗauka Fae wasu ƴan tsana ne masu fiffike na katun. A ƙauyukan Ailan da Sikotlan tsoronsu ake ji na gaske, ba a ma kiran sunansu kai tsaye, sai a ce mutanen kirki ko maƙwabtan kirki don kar su ji haushi, daidai yadda kakanninmu ke cewa mutanen ɓoye. Ana rataye ƙarfe a ƙofa saboda su, ana ajiye musu madara, ba a sare wasu bishiyoyi, ana cewa suna sace jariri su ajiye nasu a madadinsa. A shekarar 1895 a yankin Tipperary wani mutum ya ƙona matarsa Bridget Cleary har lahira saboda ya yi imani an musanya masa ita, aka kai shi kotu aka ɗaure shi. To kin ji nauyin abin a wajen masu shi. Ke da kika tashi ana hana ki zubar da ruwan zafi da dare ba bismilla, ana hana ki zama gindin tsamiya da tsakar rana, kin san aljani a labari ba kyau ne ke sa shi ya zama aljani ba, ƙa'idarsa ce da ba irin tamu ba, ki taka ɗansa ba ki sani ba ya shanye miki ƙafa kuma a wajensa adalci ya yi. Shi ya sa ina ga mu wannan littafin ya fi saurin ba mu kunya fiye da ƴar Amurka, mun san yadda abin yake idan an yi shi da gaske. Wata ƙawata ma da na gaya mata jarumin sarkin Fadar Dare ne dariya ta yi ta ce to ai namijin dare kenan, a kai yarinyar wajen masu ruƙiyya.

Kuma abin haushin, marubuciyar ta iya. Duba Suriel, wannan halittar mai fuskar ƙashi da ake kamawa da tarko ta faɗi gaskiya, duba masaƙiyar nan ta cikin daji a littafi na biyu da ke saƙa da abin da ba a faɗa, da mai sassaƙa ƙashi da ke kurkuku wanda kowa ke ganinsa da siffa daban. Duk inda waɗannan suka fito sai ki ji littafin ya miƙe zaune. Amma ƴan rakiya ne, shafi goma a sallame su a koma kan kafaɗun samari.

Sunan Tamlin ma aro ne daga wata tsohuwar waƙar baka ta kan iyakar Sikotlan, Tam Lin, tana cikin waƙoƙin da Francis James Child ya tattara, ita ce ta 39. A can, Janet ce ke zuwa ƙwato masoyinta daga hannun sarauniyar Fae kafin a ba da shi zakka ga wuta, wadda ake bayarwa duk shekara bakwai. Ta fizgo shi daga kan doki da tsakar dare, aka riƙa juya shi a hannunta, ya zama maciji, ya zama zaki, ya zama garwashi, sharaɗin kawai kar ta sake shi. Ga ta da ciki kuma. Waƙar ba ta da tsawo amma kina gamawa kin san abin da soyayyar ta ci mata. An kuma haɗa da tatsuniyar Faransa ta kyakkyawa da dodo, wadda Madam Villeneuve ta fitar 1740, da wata ta ƙasar Norwe. Kayan miya dai an samu masu kyau.

Yanzu ga ainihin ciwon, kuma shi nake yawan ja wa marubutanmu jan layi a kai: Maas tana son mutanenta fiye da yadda take son labarinta. Uwa ce mai shagwaɓa ƴaƴa. Duk wanda ta ɗauka a nata ba ya biyan kuɗin abin da ya saya. Ki lissafa da kanki. Ƙarshen littafin farko muguwar sarauniya Amarantha ta karya wa Feyre wuya, ta mutu, sarakuna bakwai kowa ya ba da ɗigon haske ta tashi, ba ma tashi kawai ba, ta tashi ta zama Fae da ikon dukkansu bakwai a jikinta. To wannan mun yafe, sau ɗaya ne. Littafi na uku, na 2017, an yi ta buga gangar yaƙi da sarkin Hybern shafi ɗari bayan ɗari, ana cewa ba kowa zai dawo ba. Rhysand, sarkin Fadar Daren nan da Feyre ta koma wa bayan Tamlin, ya mutu wajen gyara wata tukunyar tsafi da ta fashe. Na tuna a mota nake karanta wurin a waya, hanyar Kaduna, matar da ke kusa da ni tana ta ɓare gyaɗa tana zuba ɓawon a leda, na ajiye wayar a cinya na ce to yau dai matar nan ta yi ta maza. Na ɗauka na ci gaba, ko gyaɗar ba ta ƙare ba an tashe shi, da dabarar nan dai ta littafin farko, ɗigon haske daga sarakuna. Amren ma, mataimakiyar Rhysand, da ta sadaukar da kanta sai ga ta an tsamo ta daga tukunya. Wa ya mutu da gaske? Uban su Feyre da ya ɓace kusan littafi biyu sai ya dawo da jiragen ruwa don a kashe shi, da Suriel, da masaƙiyar nan da mai sassaƙa ƙashi. Idan mutuwa ta zama kamar zuwa kasuwa a dawo, me zai sa gabanki ya faɗi a yaƙi na gaba? Wannan rashin faɗuwar gaban shi kika ji kika ɗauka laifinki ne.

Haka kacici-kacicin Amarantha. Muguwar da ta riƙe ƙasa guda shekara 49, ta ɗora duk mulkinta a kan tambaya ɗaya, amsar kuma ita ce so. Yawancin masu karatu sun canka tun a layi na biyu, jarumar kuwa sai da ta yi wata uku. Idan mai karatu ya riga jaruma da nisa haka, ya daina jin tsoron muguwar, ya fara jin haushin jarumar.

Sai maganar Tamlin da Rhysand, inda ƴan TikTok suka fi zafi. A nan sai na yi adalci, farkon littafi na biyu, A Court of Mist and Fury na 2016, shi ne mafi kyawun abin da ke cikin jerin nan gaba ɗaya. Yarinya ta kashe bayin Allah biyu da hannunta don ta ceci masoyinta Tamlin, ta dawo gida tana farkawa da dare tana amai, tana ramewa, shi kuma yana kwance ya yi kamar barci yake. Ranar ɗaurin aure ta ga jajayen furanni a ƙasa sai jini take gani. Har ya kai ga kulle ta a gida da tsafi wai don kare ta. Wannan rubutu ne na gaske, mata da yawa sun ga rayuwarsu a ciki, mijin da ke cewa don ina son ki ne na hana ki fita. Kuma ra'ayin cewa wanda kika fara so ba dole shi ne na ƙarshe ba, a littafin soyayya, jarumta ce. Ban raina wannan ba ko kaɗan.

Inda aka yi mana wayo shi ne yadda aka wanke ɗayan. Rhysand ɗin nan a littafin farko shi ne ya murɗa mata karyayyen hannu tana cikin zazzaɓi a kurkuku har ta yarda da cinikin sati ɗaya duk wata a wajensa, ya yi mata zane a hannu, ya riƙa sa mata tufafin da ba su rufe komai ba yana ɗura mata giyar da ke gusar da hankali tana rawa gaban jama'a dare bayan dare. Sai a babi na 54 na littafi na biyu ya zauna ya yi dogon jawabi, shafi da shafi, cewa duk don ita ya yi, duk dabara ce. Shikenan an rufe faifan. Ba ta yi fushi na kirki a kan wannan ba, bai biya komai ba. A wajen gyaran rubutu idan na ga marubuciya ta ba mutum ɗaya babi guda yana wanke kansa babu mai katse shi, nakan rubuta mata a gefe: wannan ba shi ke magana ba, ke ce lauyarsa. Kuma don shi ya yi fari sai da aka shafa wa Tamlin baƙi har ya wuce misali, Lucien ma, abokin Tamlin, da ya sha bulala saboda ita aka mayar da shi matsoraci.

Abin ya fito fili a littafi na biyar, A Court of Silver Flames na 2021, wanda kika tsaya a cikinsa. Feyre na da ciki, jaririn na da fiffike, ƙugunta ba zai iya haihuwarsa ba, ana ganin mutuwa za ta yi. Rhysand ya sani, unguwarzoma ta sani, abokansa duk sun sani, ya ce kar wanda ya gaya mata. Matar da aka yi littafi guda ana nuna mana ta bar wancan saboda yana yanke hukunci a kan rayuwarta ba da saninta ba! Da Nesta, yayar Feyre, ta fasa maganar cikin fushi, ita ce ta zama mai laifi har sai da aka fitar da ita daga gari don kar ya hallaka ta. Ita kanta Nesta ai kulle ta aka yi, an ce ko ta koma gidan da ke kan dutse mai matakala 10,000 ta yi atisaye, ko a mayar da ita ƙasar mutane. Tamlin ya kulle mace, azzalumi. Su sun kulle mace, taimako. Laifi tudu ne dai, marubuciyar ta taka na ɗanta ta hango na ɗan kishiya. Kar ma a zo maganar mulkinsa, mutum ya shekara ɗaruruwa yana sarauta, ana ce mana babu sarki mai ƙarfinsa a tarihi, amma har yanzu ana yanke wa matan Illyria, ƙabilar mayaƙan nan masu tashi sama, fiffike a ƙasarsa, birni ɗaya kawai ya gyara, Velaris, inda shi da abokansa ke shan shayi.

Sannan wannan abu na abokin ƙaddara, wai kowane Fae akwai wadda aka halitta dominsa, igiya ce da ke ɗaure su tun kafin su haɗu. Mu ma muna cewa matar mutum kabarinsa, to amma a labari wannan gajeriyar hanya ce ta malalaci. Aikin marubucin soyayya shi ne ya sa ki yarda cewa waɗannan biyun sun zaɓi juna, da dalili, da wahala. Idan ƙaddara ta riga ta sa hannu to me ya rage? An ce abin ba kasafai ake samunsa ba, sai ga ƴan uwa mata uku duk an raba musu, kamar rabon kayan sallah. Ga kuma tazarar shekaru, shi ya haura 500 ita ba ta kai 21 ba, amma idan yana magana ba ki jin shekara 500 a bakinsa, saurayi ne ɗan 28 mai kuɗi da baƙar riga. Wanda ya ga ƙarni biyar ya kamata ko barkwancinsa ya zama daban.

Salon rubutun kuwa ba zan daɗe ba, kin gani da idonki. Kowa gurnani yake, kowa na nuna haƙora, kowa na sakin numfashin da bai san ya riƙe ba, kalmar namiji da mace ana maimaita su kamar a asibitin dabbobi. Littafin da ya kamata ya tsaya a shafi 450 sai ya haura 700 saboda idan marubuci ya fara kawo kuɗi edita ya kan ajiye almakashi. Na huɗun ma, ƙaramin nan na 2018, sayayyar kyaututtukan biki ce kawai aka yi wa bango.

To me ya sa miliyoyi ke haukansa? Ba wawaye ba ne. Da yawansu sun bar karatun littafi tun sakandare, lokacin kullen korona suka dawo, wannan ne farkon abin da ya riƙe su har asuba, kuma littafin da ya dawo da ke karatu ba kya ganin aibinsa, kamar saurayin farko ne. Maas ta iya ƙarshen babi, ta iya sa ki ce bari na ƙara ɗaya, tun tana shekara 16 take sa labari a intanet babi-babi a FictionPress, can ta fara abin da ya zama wani littafinta, Throne of Glass, ta san yadda ake riƙe mai jiran ci gaba. Duk wadda ta taɓa bin littafin Hausa a guruf ɗin WhatsApp tana jiran a saki shafi na gaba ta san wannan ƙaiƙayin. Kuma idan kika cire fiffiken da tsafin, ai labarin kin san shi: miskilin mai kuɗi da kowa ke tsoro amma ita kaɗai yake wa murmushi, talakar yarinya da ya koya wa karatu ya saya mata sutura. Su ba aljanu suka je nema ba, wannan suka je nema kuma sun samu. Ke kuma an ce miki labarin wata duniya ne kika shiga da yunwar wata duniya. Bidiyon daƙiƙa talatin na yarinya tana kuka ba zai gaya miki wanne ne a ciki ba.

Wani abu da ya kamata na faɗa saboda ƙannenmu: an fara tallan jerin nan a matsayin na matasa, daga baya aka sake musu bango aka mayar da su sashen manya, kuma da dalili. Daga na biyu zuwa sama akwai shimfiɗa a fili ba sakaye, na ƙarshen ya fi kowanne. Kar ki bar su a falo ƴar JSS ta ɗauka don ta ga bango mai launi.

Ko ki ƙarasa na biyar? In dai Nesta ta dame ki, ƙarasa, don ita ce mutum mafi gaskiya a jerin, mai baƙin rai da ba ta neman a so ta, kuma ƙawancenta da Gwyn da Emerie ya fi soyayyar daɗi. Sai dai ki shirya, a ƙarshe ita ce ke mayar da kusan duk ikonta don a ceci Feyre da jaririn, su kuma da suka ɓoye maganar ko gezau. In kuwa ba ta dame ki ba ki rufe, kuɗin dai sun riga sun tafi, kar ki bi su da lokacinki.

Idan aljanu masu haƙori kike so, nemi The Cruel Prince na Holly Black, 2018. Nata ba sa iya ƙarya, don haka duk maganarsu tarko ce, ita kuma jarumar Jude mutum ce, makaminta ɗaya shi ne ita tana iyawa. Kin ga yadda ƙa'ida ɗaya tak ke haifar da labari guda. Soyayyar kaɗan ce, siyasar fada ce da yawa. Spinning Silver na Naomi Novik, shi ma 2018, akwai sarkin ƙanƙara da ke ɗaukar ciniki kamar addini, ko sunansa ba ya bayarwa kyauta. Idan kina da haƙuri sosai kuma sai Jonathan Strange & Mr Norrell na Susanna Clarke, 2004, ba littafin soyayya ba ne kuma yana da nauyi kamar bulo, amma akwai wani aljani mai farin gashi a ciki da ke ɗauke mace duk dare ya kai ta rawa a gidansa har gari ya waye, shekara da shekaru, tana ramewa tana kasa faɗa wa kowa, shi kuma har zuciyarsa gani yake alheri yake mata.

Biyar ɗin naki kuma kar ki bari su yi ƙura, masu nemansu suna da yawa, ki sa a sitatus da rabin kuɗi za ki ga saƙo kafin la'asar.